Hunturun da Na Fasa Gadon Inna

Sanyin bana ya shigo Kankara da wuri. Tun ba a gama ɗaure dawa ba na fara jin sa a gwiwoyina, kuma duk asuba in na sauko daga gado na taka tayil ɗin da ɗana ya sa aka shimfiɗa mini, sai in ji kamar ruwan randa na taka. Jiya na ce masa ya samo mini tabarmar kaba da kaskon wuta. Ya yi dariya, wai Hajiya ɗakin zai yi baƙi. Na ce ya yi baƙin, ai ni ce a ciki. Ni bakina ba ya ɓoye abin da ke damuna, jikokina ma sun shaida. Mahaifiyata ce ba haka take ba, kuma tun da sanyin nan ya fara ita nake ta tunawa, da wani hunturu da na yi a ƙauyenmu Ruwan Godiya, shekarun da kuɗin man fetur suka fara zubowa ƙasar nan.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Wanda ya san mutanenmu na da ya san abin da hakan ke nufi: ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta haɗa ido da ni. Ana yaye ni aka ba ƙanwar babana, ta tafi da ni Kankara, can na girma, can aka yi mini aure. In na je gida, "ta Kankara" Inna take ce mini, shi ma da wanda ke kusa take maganar. "A tambayi ta Kankara ko ta sha ruwa." Alhali ga ni zaune a gabanta. Na san al'ada ce, amma ina jin ciwon abin har cikin raina, kuma na daɗe ina neman abin da zan yi wa matar nan ta ɗaga kai ta dube ni.

Daminar shekarar ta yaudari mutane. Ruwa ya sauka da kyau, aka yi shuka, gero ya tashi, sai sama ta ɗauke daidai lokacin da dawa ke shirin fidda kai. Kullum hadari ya haɗu a gabas, mata su kwashe shanya a guje, iska ta zo ta watsa shi. Gero an samu ɗan abin da aka samu, dawa kuwa da yawa ta bushe a tsaye. Babanmu ya riga ya rasu, ƙanena Mamman ke riƙe da gidan, shi da matarsa Asabe da yaransu, kuma rumbunsa ko rabi bai kai ba. A gidaje da yawa tuwo sau ɗaya ake yi a yini, sauran a cike da kunu da kwaɗon tafasa.

Mu kuwa a gari lamarin dabam ne. Maigidana direban babbar mota ne, siminti yake ɗaukowa daga Ikko, ba ya kwana uku a gida. Duk inda ka waiga gini ake, ana sauke ciyawa ana ɗora kwano, samari na ta sayen rediyo da babura. Rannan na ce masa ina so in gyara wa Inna ɗaki kafin sanyi. Bai ko yi musu ba. Ya loda mini siminti da kwano da fenti, da gadon ƙarfe mai rumfa, ya sauke ni ƙofar gidanmu bayan kaka, ya ce in zauna har ya dawo. Na shiga garin ina jin kaina kamar wata matar hakimi.

Ɗakin Inna na ƙasa ne mai rufin ciyawa, cikinsa ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin shekaru. A jikin bango akwai gadon ƙasa, irin wanda ake ginawa a bar masa rami daga ƙasa mai baki kamar na murhu. Da magariba a zuba garwashi a ciki, ƙasar ta sha zafi ta riƙe shi har gari ya waye. Na san amfaninsa, ba wai ban sani ba. Gani na yi ai na ƙauyawa ne, kuma ga barguna biyu sababbi na zo da su, me tsohuwa za ta yi da ramin toka?

Ranar da magina suka zo, Inna ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Asabe. Da aka ɗaga gatari za a sari gadon, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta ce da Asabe, "A tambayi ta Kankara, har da shi za a fasa?"

Na ce, "Asabe, ce ma Inna wanda ya fi shi na nan tahe."

Ta juya ta koma wajen turmi.

Mako biyu aka yi ana aikin, ni ce tsaye a kai. Aka ɗora kwano, aka huda taga, aka zuba siminti a ƙasa, bango ya sha fenti shuɗi. Na shimfiɗa leda mai zanen furanni, na kafa gadon, na ɗaura masa labule, na jera kwanonin samira da langa tun daga ƙasa har kusa da rufi, na rataya madubi da agogon bango wanda babu mai duba shi a gidan sai ni. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo, suna tuɓe takalmi tun daga nesa, suna shafa bangon. Inna ta shigo ta zauna a bakin gadon, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ta ce, "A ce ma ta Kankara an gode. Allah shi yi albarka." A nan ne, gaban kowa, na ce da Asabe da babbar murya, "Kada a kuskura a hura wuta cikin ɗakin nan. Hayaƙi ɓata fenti yake, leda kuma ba ta son garwashi." Inna na zaune tana ji.

Sai sanyi ya sauko. Tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Man shanu ya daskare a ƙwarya sai an kankara da cokali, ruwan alwala ya zama abin tsoro, dugadugan yara suka tsattsage har suna jini. Awaki su cure a jikin bangon madafi, ko an kore su ba sa tashi. Da safe babu mai fita sai hantsi ya dubi gida, maza su zauna a rana sun dunƙule cikin mayafi. Ni a ɗakin Asabe nake kwana tare da yara, da ɗan murhunta a tsakiya da ɗumin jikin mutane, don haka sanyin bai taɓa hana ni barci ba.

Aikin gidan kuwa bai tsaya ba. Mamman ya fiddo damin da za a ci, mu sussuke, mu sheƙe, Asabe ta yi surfe, ni in yi bakace, a kai niƙa. Kunu da safe, tuwo da yamma, tsakani kowa ya yi haƙuri. Itace ma ya yi wuya, da kara da kashin shanu ake haɗawa.

A cikin wannan hali ne Inna ta fara aiko da saƙon abinci, matar da ban taɓa jin ta ce tana son wani abu ba. Da farko ta ce wa Asabe tana marmarin faten wake. Murna ta kama ni, na ce yau Inna ta roƙi abu a hannuna. Na wanke wake, na ɗauko kanwa zan jefa don ya yi saurin nuna, sai na ji muryarta a bayana: "A ce kada a sa kanwa. Ya fi daɗi in ya nuna da kanshi." Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta zauna dab da murhu, wai za ta riƙa iza mana wuta. Waken nan tun hantsi har bayan azahar yana kan wuta. Na zuba masa manja da albasa da daddawa, na yanka alayyafo a kai, ƙamshi ya cika gida, yara suka kewaye tukunya. Da aka zuba wa Inna, cokali uku ta yi ta tura wa jikokinta.

Kwana biyu sai ta ce ganda take so. Na aika kasuwa aka samo, aka babbake, aka kankare, ta yini tana tafasa. Bayanta ƙafar saniya. Bayanta dambun tsaki, wanda sai an turara an sauke an yayyafa ruwa an sake mayarwa. Tuwon dawa ma ta ce a daina sauke shi da wuri, a bar shi ya sulala sosai, miyar kuka kuma a fara dafa ƙashi tukun har ya saki. Gaskiya gidan bai taɓa cin daɗi irin na makonnin nan ba. Yara suka yi kumatu a shekarar da 'ya'yan maƙwabta ke ramewa, har kunyar fita da kwano nake ji, sai in zuba a langa in rufe in aika gida biyu uku. Kullum Inna na bakin murhu tun daga kunna wuta har toka ta huce, tana miƙa tafin hannu, tana juya ƙafa. Kullum kuma abincinta loma biyu ne.

Abin ya fara ba ni haushi. Na ce a raina kwaɗayin tsufa ne, ido ke so, ciki ba ya karɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakin. Na zuba ƙarfina na ƙawata shi, ga shi can a rufe, mai shi tana nan cikin hayaƙi, zanenta duk toka. Sau da yawa nakan ce, "Asabe, ce ma Inna ta tahi ɗaki ta huta, mu za mu iya." Sai ta tashi ba musu, ta tafi. Kafin a jima ka gan ta ta dawo, wai ta zo duba ko wuta ta mutu.

Da ta ce za ta yi daddawa ne haƙurina ya ƙare. Dahuwar kalwa wuta take ci yini guda cur, wani lokaci har ta wuce, ga shi akwai daddawa cike da tulu a gidan. Mamman ya same ni a bayan rumbu ya ce, "Yaya, itacen da na tara na rani duka ya kusa ƙarewa. Mi za mu yi?" Na ce ya bar mini. Na aika wa maigidana, da motarsa ta biyo ya sauke mini risho sabo fil da garwar kananzir. Na kafa shi a rumfa, na nuna wa Asabe yadda ake ɗaga lagwani. Na ce daga yau an huta da hayaƙi, wake ma da kanwarsa za a dafa, tsohuwa ta zauna a ɗakinta kamar kowace uwar mai hali. Na share murhu da hannuna, na kife tukwanen ƙasa.

Inna ta fito da hantsi, ta dubi murhun, ta dubi rishon da ke ta huci da 'yar shuɗiyar wutarsa. Ta matso ta miƙa hannu kusa da shi, ta janye. Ta ce, "Abin zamani." Ta koma ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake aiko da saƙon abinci ba, ni kuwa na ɗauka na yi maganin abin.

Kwana huɗu bayan nan ta fara tari. Na dafa mata citta da lemun tsami, ta sha, ta ce a ce an gode. Kashegari ba ta fito zaman rana ba.

Ran nan ne Iya Tabawa ta dawo. Aminiyar Inna ce tun suna amare, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ta tafi Sabuwa wajen jegon 'yarta tun kafin a fara aikin ɗakin. Ta yi sallama ta shiga, ina biye da ita ina jiran yabo. Ba ta dubi jere ba, ba ta dubi labule ba. Ta tsaya tsakiyar ɗakin, ta sunkuya ta dafa ledar da tafin hannu, ta kama ƙarfen gadon, ta tura hannu ƙarƙashin katifa. Sannan ta kama ƙafar Inna ta riƙe. Ta fito ta yafuto ni zuwa bayan ɗaki.

"Dije, ina gadonta?"

Na ce, "Iya, ga gado nan, na ƙarhe, da barguna biyu."

"Bargo shina tsare ɗumin da ke jikin mutum ne. Wanga jiki wane ɗumi ya rage mashi? Shekara nawa tana kwana bisa wuta? Iska na bi ta ƙarƙashin wanga gado, kwano na sauko mata da sanyi ta bisa. Wa ya hana a sa mata ko kasko?"

Asabe da ke tsaye da tsintsiya ta sunkuyar da kai.

Iya Tabawa ta ce, "To da rana ina take zamnawa?"

Asabe ta ce, "Da can bakin murhu take yini, Iya. Tana ta sa mu dahuwa mai daɗewa, wake ba kanwa, ganda, har kalwa ta ce a ɗora. To yanzu an kawo risho."

Iya Tabawa ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Ke kin taɓa ganin uwarki da kwaɗayi?"

Na zauna a ƙasa. Duk tukwanen nan da na yi ta alfahari da su suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Mi ya hana ta faɗi? Kalma guda, Iya!"

"Ta faɗa ma wa? Ke? Ɗiyar fari ta yi mata abin da garin nan duka ke zance, ta buɗe baki ta ce bai yi ba? Ai ko mutuwa za ta yi ba ta faɗi."

Na tashi na shiga ɗakin kamar mahaukaciya. Na yaye ledar na jefar waje, na rufe tagar na cusa tsumma, na sa Asabe ta hura itace a murhu, na cika kasko da garwashi na kawo gaban gadon. Inna ta buɗe ido ta ga hayaƙi na tashi yana lasar bango. Cikin tari ta ce wa Iya Tabawa, "A ce a janye shi kaɗan. Kada a ɓata mata fenti." Na fita waje na yi kuka mai isata.

Mamman ya samo mota muka kai ta asibiti a Faskari. Suka ce sanyi ya kama haƙarƙari, suka yi mata allura, suka ba da magani, suka ce a tsare ta da ɗumi. Da muka dawo Iya Tabawa ta ce a kai ta ɗakinta, nata gadon ƙasar na nan da wutarsa. Inna ta girgiza kai. Aka yi juyin duniya ta ƙi. Ta ce, "Mutane su ce an yi mani ɗaki na gudu na bar shi? A'a. Nan zan zamna."

Na aika aka kira maginin da ya fasa gadon, na ce ya gina wani a yau. Ya ce, "Hajiya, ƙasa ba ta jin sauri. Sai an kwaɓa ta kwana, a gina, a bari ta bushe. In aka sa wuta da ɗanyenta tsagewa za ta yi, kuma damshinta ya fi sanyin illa. Ki ba ni mako guda." Aka fasa simintin gefen bango, aka gina. Kowace safiya sai na je na dafa shi da hannu in ji ko ya bushe, kowace safiya in ji shi da sanyin laima.

Na koma bakin murhu da kaina. Na yanka kaza na yi farfesu da citta da masoro da kanumfari, na dama kunun kanwa mai zafi, na yi tuwo mai laushi da miyar kuɓewa busasshiya na kwarara man shanu. In na kawo, Iya Tabawa ce ke tallafo ta tana ba ta, don ko a lokacin ba za ta karɓa daga hannuna ba. Ni kuwa in zauna a ƙarshen gadon in sa ƙafafunta cikin zanena ina murzawa. Wannan kam ba ta hana ni ba. Ƙafafun ba su da nauyi ko kaɗan, ban san ta rame haka ba.

Ran kwana na biyar da ginin, da hantsi, rana ta fito sosai har yara na wasa a tsakar gida, Inna ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun gaya mini, ni ma na gaya wa kaina ya fi a ƙirga. Amma ni na ɗaga murya na hana wuta a ɗakin nan, ni na share murhun, kuma ban taɓa iya raba waɗannan da wancan ba.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da mata, daga Faskari, daga Pauwa, daga Kankara. A ɗakin Inna aka zaunar da ni ina karɓar gaisuwa. Duk wadda ta shigo, in ta gama addu'a, sai idonta ya tafi kan jeren kwanonin, ya bi labule, ya hau rufin kwano. Wata dattijuwa daga dangin babanmu, wadda ba ta san komai ba, ta kama hannuna da hannu biyu, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ke dai Dije kin gama da lahiya. Dubi inda uwarki ta ƙare kwananta! Wa ya samu irin wanga cikin garin nan? Allah shi ba mu ɗiya irinki."

Ɗakin duka ya amsa da amin. Iya Tabawa na zaune a bakin sabon gadon ƙasar, wanda ya bushe a safiyar ranar, ta kafa ido a ƙasa tana jan carbi. Dattijuwar ba ta saki hannuna ba, jira take in amsa.

Na ce, "Amin, na gode."